Buɗaɗɗiyar Wasiƙa ga Gwamnatocin Kebbi da Neja: A Ɗauke wa Tsofaffin Masuntan Kainji Kuɗin Lasisin Kamun Kifi

Zuwa ga Masu Girma Gwamnonin Jihohin Kebbi da Neja, da kwamishinonin da sha'anin kamun kifi yake ƙarƙashin kulawarsu, da 'yan majalisun dokokin jihohin biyu, musamman masu wakiltar Yauri da Ngaski da Borgu da Agwara da Magama.

Assalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu.

Bayan gaisuwa ta ban girma, da addu'ar Allah Ya yi muku jagora a kan amanar da Ya ɗora muku, ina rubuta wannan wasiƙa ne a madadin tsofaffin masunta mazauna gaɓar tafkin Kainji, waɗanda har yau suke shiga ruwa da kwalekwale da filafili domin samun abin da za su kai gida. Ni ɗan masunci ne, an haife ni a wani ƙauyen bakin ruwa a ƙasar Yauri, kuma da kuɗin kifi aka saya mini allo da littafi har na zama malamin makaranta. Mafi yawan waɗanda nake magana da yawunsu ba su karanta boko, ba su kuma da wayar da za ta nuna musu wannan rubutu, amma na zauna da su a rumfunan da suke ɗinkin taru, na saurari kukansu, kuma su ne suka ce in isar da shi ga masu ikon share musu hawaye. Buƙatarsu guda ce, wato a ɗauke wa masuncin da ya tsufa, mai su da hannunsa da ƙananan kayan aiki, biyan kuɗin lasisin kamun kifi, domin tsarin da ake bi yanzu jirgi da taru yake ƙidayawa, bai damu da shekarun wanda ke zaune cikin jirgin ba.

Kafin in shiga koke, ya kamata in faɗi cewa babu wanda ya aiko ni in yaƙi lasisi. Duk wanda ya tashi a bakin tafkin nan ya san abin da ya faru lokacin da dala, wato babban tarun da ake ja zuwa gaɓa, ta yi yawa, ana jan taru mai ido irin na gidan sauro da sunan kamun warangi, wato wasu 'yan ƙananan kifaye, ana kwaso 'ya'yan karfasa da faliya da giwan ruwa tun ba su kai tsawon ɗan yatsa ba. A 1993 aka fara shirin haɗin gwiwa tsakanin Najeriya da Jamus don inganta kamun kifi a Kainji, daga bisani jihohin nan biyu suka kafa dokokinsu, aka shigo da sarakunan ruwa cikin aikin, aka kuma haramta dala. Dattawanmu na cikin waɗanda suka goyi bayan wannan gyara, domin sun ga kifi yana ƙarewa da idonsu. Lasisi yana ba hukuma damar sanin adadin masu su da irin kayan da suke amfani da su, kuma wannan abu ne da ya dace a ci gaba da shi. Maganarmu a kan kuɗin ne, da kuma wanda ake karɓa a hannunsa.

Abu na farko, ranku ya daɗe, shi ne waɗannan mutane sun riga sun biya, kuma sun biya da abin da ya fi kuɗi tsada. Lokacin da aka rufe madatsar Kainji a 1968, ruwa ya shanye tsohuwar Bussa da tsibirai da fadamu da garuruwa masu yawa, aka tayar da mutane kimanin 44,000 aka sake musu matsuguni. Gungawa, waɗanda aka sani da noman albasa a tsibiran Kwara tun kaka da kakanni, sun bar gonakin da suke ban ruwa da hannu. Wasu sun bar makabartun iyayensu a ƙarƙashin ruwa, inda ba za su sake tsayawa su yi musu addu'a ba. Masuntan da suka san kogi, suka san kowane gurbi da kowane dutse, sun wayi gari a gaban wani faffaɗan ruwa mai igiya da iska, cike da kututturan itatuwan da aka bari a tsaye, masu yaga taru da fasa jirgi, suka fara koyon sana'arsu daga farko. Yaron da yake ɗan shekara goma a 1968, wanda ya ɗauki tabarma da ƙwarya a ka ya bi iyayensa zuwa sabon gari, yau ya haura shekara 65, kuma shi ne dattijon da ake tarewa a matsayar jirage ana tambayarsa takarda. Wutar da madatsar ta samar ta haska birane masu nisa shekaru da dama, alhali akwai ƙauyukan bakin tafkin da har yanzu da fitilar hannu suke kwana. Gwamnatin tarayya da kanta ta amince akwai bashi a kanta ga waɗannan yankuna, shi ya sa aka kafa hukumar HYPPADEC don raya wuraren da ake samar da wutar lantarki ta ruwa. Idan ƙasa ta yarda cewa ana bin ta bashi, ina ganin bai dace jiha ta riƙa aika mai karɓar kuɗi wurin mutanen da suka fi kowa haƙƙi a kan wannan bashi ba.

Abu na biyu shi ne tsohon masunci ba shi ne ke ƙarar da kifin tafkin ba. Na san yadda wuninsa yake. Yana fita bayan sallar asuba, shi kaɗai ko tare da jika, ya duba kallinsa, wato tarun da ya shimfiɗa jiya da yamma kusa da gaɓa, ya ɗaga gurarsa, wato tarkon kifi, biyu ko uku, wani lokaci ya ja mamari, wato igiya mai jerin ƙugiyoyi, kafin hantsi ya dubi ludayi ya dawo, saboda ƙarfinsa ba ya kai shi tsakiyar ruwa kuma idonsa ba ya jure hasken rana a kan tafki. Abin da yake samu 'yan karfasa ne da ƙurungu, ran da Allah Ya nufa a haɗa da tarwaɗa, rabi na tukunyar gida, rabi tsohuwarsa ta yi banda a kai kasuwa a sayo gero da gishiri. A gefe guda akwai mai jirage masu inji, mai yara goma ko fiye da ke yi masa aiki dare da rana, wanda abin da yake fitarwa a mako guda dattijon nan ba zai kama shi a shekara ba. Ita kanta dokar tarayya ta kamun kifi a ruwayen cikin ƙasa, wato Doka ta 108 ta 1992, jirgi mai inji ta ambata wajen wajabta lasisi, sannan ta hana taru mai idon da bai kai milimita 76 ba, ta hana guba da nakiya da wutar lantarki. Wannan ya nuna inda masu tsara dokar suka ga haɗarin yake. Idan manufar lasisi kare kifi ce, to kuɗin da aka karɓa a hannun mai filafili ɗan shekara saba'in bai ceci ko ƙwan kifi ɗaya ba.

Abu na uku ya shafi tsufa ita kanta. Ma'aikacin gwamnati idan ya kai shekara 60 ko ya cika shekara 35 yana aiki, yakan ajiye aiki ya jira fansho, ko da kuwa yana zuwa a makare. Masunci ba shi da ranar ajiye aiki sai ranar da hannunsa ya kasa ɗaga filafili. Ba ya shiga ruwa don nishaɗi, yunwa ce da nauyin iyali suke tura shi, kuma da yawa daga cikinsu suna riƙe da marayun 'ya'yansu da ruwa ya ci ko kuma waɗanda suka tafi ci-rani ba su aiko ba. Tsarin mulkin 1999, a sashe na 16(2)(d), ya ɗora wa gwamnati alhakin tanadar kula da tsofaffi da fansho ga dukkan 'yan ƙasa, sashe na 17(3)(f) kuma ya ce a kare yara da matasa da tsofaffi daga kowace irin ƙwara da kuma watsi da su. An kuma kafa cibiyar kula da tsofaffi ta ƙasa bisa dokar 2017. Dattawan bakin ruwa ba su taɓa ganin wani abu na waɗannan alkawura a hannunsu ba. Tunda ba a iya ba su ba, mafi ƙarancin adalci shi ne a daina karɓa daga gare su.

Wani zai ce kuɗin lasisin ai ba shi da yawa. Ga mai albashi haka ne. Amma tun da aka cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023, darajar naira kuma ta faɗi, farashin taru da zare da ƙugiya da darma ya ninka, domin yawancinsu daga waje ake shigo da su, katakon gyaran jirgi ma ya yi tsada, haka kuɗin motar kai banda kasuwa. Sannan lasisi ba shi kaɗai yake zuwa ba, yana tafe ne tare da kuɗin matsaya da kuɗin kasuwa da wasu ƙananan karɓe-karɓe da masunci ba ya iya bambance wanne ne na wa. Abin da ya fi kuɗin ciwo kuwa shi ne hukuncin rashin biya. Shekarun baya kaɗan, wasu masu karɓar kuɗi sun tare kawuna, yayan mahaifiyata, wanda a lokacin ya haura saba'in, ranar kasuwa yana saukowa daga jirgi. Ba shi da kuɗin a aljihu, sai suka tattara kallinsa suka tafi da shi. Bai yi musu gardama ba, abin da ya ce kawai shi ne, "Ruwan da ya cinye gonar ubana, yau kuma shi zan saya?" Kafin mu haɗa kuɗi mu karɓo tarun an yi kwanaki, ɓeraye sun ɓata shi a inda aka jibge shi, dole ya karɓi sabo bashi a hannun wani mai sayen kifi, bisa sharaɗin duk abin da ya kama shi zai sayar wa, a farashin da shi mai bashin ya yanka. Ya shafe fiye da shekara yana su don wani. Wannan ita ce hanyar da ƙaramin kuɗi yake zama babban bashi a bakin ruwa, kuma kawuna ba shi kaɗai ya bi ta ba.

Akwai kuma abin da tsoron masu karɓar kuɗi yake haifarwa, wanda nake ganin ya kamata ya tayar muku da hankali ko da ba a duba tausayi ba. Dattijon da bai biya ba yakan sauya lokacin fitarsa, ya shiga ruwa cikin duhu, ya sauka a wani lungu mai nisa da matsaya don kada a gan shi. Mutumin da idonsa ya raunana, a cikin ƙaramin kwalekwale, a ruwa mai kututture, ba tare da rigar kariya ba, idan iska ta taso babu mai jin kiransa. Al'ummar wannan yanki ba su manta da hatsarin jirgin da ya faru kusa da Wara a watan Mayun 2021 ba, wanda ya ci rayuka masu yawa, kuma ba ma son wata doka ta zama dalilin da zai ƙara tura mutane cikin haɗari. Ban da haka, wanda yake ɓuya ba ya shiga ƙidaya, don haka alƙaluman da jami'anku da masu bincike na cibiyar nazarin kifin ruwan daɗi da ke Sabuwar Bussa suke dogara da su za su riƙa zuwa da giɓi. Matsalar tana ƙara tsanani saboda tafkin na jihohi biyu ne, kifi kuma bai san iyaka ba. Na sha ganin masuncin da ya biya a gaɓa ɗaya, ya bi kifi zuwa ɗaya gaɓar, aka ce takardarsa ba ta aiki a can.

Sai batun da na fi so ku dube shi da idon basira. Babu jami'in da zai iya tsare tafki mai faɗin fiye da murabba'in kilomita dubu, komai yawan jiragen sintirinsa. Masu tsare shi a zahiri su ne dattawan ƙauyuka da sarakunan ruwa. Su suka san lokacin da farin ruwa, wato cikar kogi ta farko, yake zuwa da damina kifi ya shiga ciyawar burugu don yin ƙwai, su suka san isowar baƙin ruwa, wato cikar kogi ta biyu, da hunturu bayan ya yi doguwar tafiya daga ƙasar Gini ta Mali, su suka san gurbin da bai kamata a taɓa ba a wane wata. Idan yaro ya zuba guba a ruwa da dare, kafin gari ya waye dattijon unguwa ya san ɗan gidan wane ne, kuma kalmarsa ɗaya ta fi tarar kotu tasiri a kan yaron. To amma dattijon da aka kwance wa taru a bainar jama'a, a gaban jikokinsa, da wane baki zai tsawata wa matashi a kan bin doka? Duk lokacin da aka wulaƙanta ɗaya daga cikinsu a kan kuɗin lasisi, hukuma tana rasa mai gadin da yake yi mata aiki ba tare da albashi ba.

Na san akwai hujjojin da za a kawo, kuma ba na raina su. Za a ce idan aka yafe wa tsofaffi, kowane gida zai rubuta jiragensa da sunan kaka. Wannan zai iya faruwa idan aka yi yafiyar sakaka, shi ya sa muke neman a ɗaure ta da mutum da kuma kayan aikinsa: kwalekwale ɗaya marar inji, ƙananan kayan su masu adadi sananne, kuma shi mai takardar ya kasance cikin jirgin lokacin da ake su. Za a ce akwai tsofaffi masu arziki. Gaskiya ne, kuma ni da kaina ba na goyon bayan a yafe wa alhajin da ke da jirage masu inji da yaran aiki don kawai furfura ta cika masa kai, wannan ɗan kasuwa ne, ya biya kamar kowane ɗan kasuwa. Za a ce mutanenmu ba su da takardar haihuwa. Da yawansu suna da katin zaɓe da lambar shaidar ɗan ƙasa, wanda ba shi da su kuwa sarkin ruwa da mai unguwa da limamin gari sun san sa'o'insa, sun san ko an tashe shi daga tsohon gari yana da wayo ko yana goye. Game da kuɗin shiga, ina roƙon ku sa a buɗe littattafan karɓa a fitar da abin da masu kwalekwalen hannu da suka haura 65 suke biya a shekara, a gwada shi da abin da ake kashewa wajen bin su. Ina da yaƙinin lissafin zai goyi bayanmu.

Rangwame irin wannan ba baƙon abu ba ne a duniya. A Ingila ana rage kuɗin lasisin fatsa ga wanda ya kai shekarun fansho, a jihar Fulorida ta Amurka kuma mazaunin jihar da ya kai shekara 65 ba ya sayen lasisin su na nishaɗi. Waɗannan mutane ne masu fansho da ke zuwa bakin ruwa don hutawa, duk da haka hukumominsu suka ga dacewar sassauta musu. Namu dattawan abincinsu ne a cikin ruwan.

Saboda haka, cikin ladabi, muna roƙon majalisun dokokin Kebbi da Neja su gyara dokokin kamun kifi na jihohinsu ta yadda duk masuncin da ya kai shekara 65, mai su da kwalekwale marar inji, zai karɓi lasisinsa kyauta. Ba mu ce a cire shi daga rajista ba. A ba shi kati mai hotonsa, a rubuta kayan aikinsa, a riƙa sabunta shi a ƙauyensa ta hannun sarkin ruwa ba tare da ya yi doguwar tafiya zuwa hedikwata ba, kuma dokar idon taru da haramcin dala da guba ta hau kansa kamar yadda ta hau kan kowa. Idan ya karya ta a hukunta shi, a kuma janye masa yafiyar. Muna roƙon a haɗa da tsofaffin mata masu ɗana gura a bakin gaɓa, waɗanda yawancinsu mazajensu sun rasu.

Kafin gyaran doka ya kammala, wanda mun san yakan ɗauki lokaci, muna roƙon Masu Girma Gwamnoni su ba da umarni a rubuce cewa kada a sake ƙwace taru ko jirgin dattijo saboda bashin lasisi kaɗai, a kuma mayar da kayan da ke tsare yanzu ga masu su. Muna roƙon jihohin biyu su zauna su amince da takardar juna a kan tafkin, ta yadda wanda aka yi wa rajista a Yauri ba za a tare shi a Shagunu ba, wanda aka yi wa a Malale kuma ba za a tare shi a Wara ba. Muna roƙon a liƙa jadawalin duk kuɗin da doka ta halatta a karɓa a kowace matsaya da kasuwar kifi, da boko da ajami, a kuma sanar da shi a rediyo da Hausa da sauran harsunan yankin, kuma kada a karɓi ko sisi ba tare da rasiɗi ba. Daga cikin abin da ake tarawa a hannun manyan masu jirage, a ware wani kaso don sayen rigunan kariya ga dattawan da aka yi wa rajista, hukumar HYPPADEC kuma a nemi ta sa hannu a wannan.

Muna kuma miƙa kokenmu ga iyayenmu, Mai Martaba Sarkin Yauri da Mai Martaba Sarkin Borgu, da su sa baki, domin sarakunan ruwa a ƙarƙashinsu suke, kuma da umarninsu za a iya tantance tsofaffin kowane ƙauye cikin 'yan makonni. Idan majalisa ta kira zaman jin ra'ayin jama'a a kan wannan batu, muna roƙon a yi shi a bakin tafkin, a ranar kasuwa, inda dattawan za su iya zuwa da jiragensu su yi magana da bakinsu. Ni da wasu 'ya'yan masunta da suka yi karatu a shirye muke mu bi ƙauyuka mu taimaka wajen rubuta sunaye ba tare da an biya mu ba.

Allah Ya ƙara muku lafiya da nisan kwana, Ya kuma ba ku ikon yin adalci.

Wassalam.

Naku cikin girmamawa,
Ɗan masunci daga ƙasar Yauri, a madadin tsofaffin masuntan tafkin Kainji.